Ko Mai Bi Zai Iya Rasa Cetonsa? Auna Koyarwa Biyu Kafin Zaɓen Ikilisiya

Ɗan ƙanwata, wanda ya baro Bawku shekara biyu da suka wuce yake koyon kanikanci a Suame Magazine, ya same ni a gida a Aboabo wata Lahadi da yamma, idanunsa irin na wanda bai yi barci ba. A cikin wata guda ya saurari wa'azi biyu a majami'u biyu na nan Kumasi a ƙasar Gana. A ta farko an tabbatar masa cewa wanda Allah ya ceta ya cetu ke nan har abada, a ta biyu kuma an ja masa kunne cewa mutum yana iya farawa da Ruhu ya ƙare a hallaka. Ya ce mini, "Kawu, dukansu Littafi Mai Tsarki ne a hannunsu, kowanne kuma ya karanta ayarsa. Wace koyarwa zan riƙe, a wace ikilisiya kuma zan ba da sunana?" Na ce masa, "Zauna, ɗana, wannan tambaya ta girme ni ta girme ka." Abin da muka tattauna a daren nan shi nake rubutawa a nan, domin na san akwai irinsa da yawa cikin Kiristoci masu jin Hausa a Asawase da Aboabo, har da Nima da Sabon Zango a Ankara.

Kafin a auna komai, sai an san abin da ake gardama a kai. Ba a yi saɓani game da munafuki ba, wanda yake zuwa majami'a domin a gan shi alhali zuciyarsa ba ta taɓa tuba ba, gama kowa ya yarda cewa wanda bai mallaki abu ba ba zai rasa shi ba. Ba a kuma yi saɓani kan cewa mai bi yana yin zunubi ba. Maganar a kan mutumin da ya sami sabuwar haihuwa da gaske take, wanda aka gafarta masa, Ruhu Mai Tsarki kuma ya zauna a cikinsa: shin zai yiwu irin wannan ya juya wa Almasihu baya gaba ɗaya, ya mutu a haka, ya hallaka?

Koyarwa ta farko ta ce ba zai yiwu ba, tushenta kuma a nahiyarmu yake. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a 430, ya koyar a ƙarshen rayuwarsa cewa jimrewa har ƙarshe ita ma baiwa ce daga Allah, kamar yadda farkon bangaskiya baiwa ce. Jon Kalbin ya ɗora a kan haka a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan ta yau a ƙarni na 16, sa'an nan babban taron da aka yi a garin Dort na ƙasar Holan daga 1618 zuwa 1619 ya tsara maganar a rubuce. Hujjarsu ta fi ƙarfi a bakin Yesu kansa. A Yahaya 10:27-29 ya ce yana ba tumakinsa rai madawwami, ba za su hallaka ba, ba kuma mai ƙwace su daga hannunsa ko hannun Ubansa. A Yahaya 6:39 ya ce nufin wanda ya aiko shi shi ne kada ya rasa ko ɗaya daga cikin waɗanda aka ba shi. Manzo Bulus ya jera sarƙa a Romawa 8:30, daga waɗanda aka ƙaddara zuwa waɗanda aka kira, zuwa waɗanda aka kuɓutar, zuwa waɗanda aka ɗaukaka, bai kuwa nuna inda wani ya zube a tsakani ba. A Afisawa 1:13-14 ya kira Ruhu Mai Tsarki hatimi da tabbacin gādonmu, da kalmar da 'yan kasuwar zamaninsa suke amfani da ita ga abin da mu muke kira kafin alƙalami. Duk wanda ya taɓa ciniki a Kejetia ya san ma'anar wannan: mai saye ya ajiye wani abu daga cikin kuɗin domin a san zai dawo ya cika. Masu wannan koyarwa suna cewa Allah ba ya ba da kafin alƙalami ya fasa ciniki. Idan aka tambaye su game da waɗanda aka gani da ido sun bi shekara da shekaru sa'an nan suka watsar, sai su buɗe 1 Yahaya 2:19, inda aka ce waɗanda suka fita daga cikinmu ba namu ba ne tun asali, da namu ne da sun zauna.

Koyarwa ta biyu ta ce zai yiwu, ita ma kuma ba baƙuwa ba ce. Almajiran Yakubu Arminiyus, malamin Holan da ya rasu a 1609, su ne suka kai ƙorafin da ya jawo taron Dort, ko da yake a takardarsu ta 1610 ba su yanke hukunci kan wannan batu ba, cewa suka yi yana bukatar ƙarin bincike a Nassi. Jon Wesli, uban Metodis, shi ne ya fito fili a ƙarni na 18 ya ce mai bi na gaske yana iya faɗuwa daga alheri har ya hallaka. Tun kafinsa ma, ikirarin bangaskiyar Lutaran, wato mabiya Martin Luta, da aka gabatar a garin Ogsbog na Jamus a 1530 ya ƙi maganar masu cewa wanda aka kuɓutar ba zai iya rasa Ruhu Mai Tsarki ba. Ayoyinsu ba na wasa ba ne. Ibraniyawa 6:4-6 tana magana a kan mutanen da aka haskaka, suka ɗanɗana baiwar sama, suka sami rabo a Ruhu Mai Tsarki, sa'an nan suka yi ridda. Ibraniyawa 10:29 ta ambaci wanda ya raina jinin alkawarin da aka tsarkake shi da shi. A Yahaya 15 Yesu ya ce reshen da yake cikinsa amma bai ba da 'ya'ya ba za a sare shi, wanda bai zauna a cikinsa ba kuma za a jefa shi a wuta. Bulus ya gaya wa Romawa a 11:20-22 cewa ta bangaskiya suke tsaye, su ji tsoro, in ba haka ba su ma za a datse su, ya kuma gaya wa wasu Galatiyawa a 5:4 cewa sun faɗi daga alheri. Masu wannan ra'ayi suna tambaya, wa zai gargaɗi mutum kada ya faɗa rijiyar da ba a haƙa ba? Game da Yahaya 10 kuma amsarsu ita ce, gaskiya ne ba ɓarawon da zai ƙwace tunkiya daga hannun Makiyayi, amma tumakin da aka yi wa alkawarin su ne masu jin muryarsa suna bin sa, alkawarin bai hana tunkiya ta daina bi da kanta ba.

Duka koyarwar biyu suna da gida a Kumasi, kusan maƙwabtan juna a Adum. Majami'ar Presbiteriyan ta Ramseyer tana ɗauke da sunan ɗan mishan ɗin Basel ta Suwizalan da aka kama a 1869, aka kawo shi garin nan aka tsare shi har 1874, ya kuma dawo a 1896, ita ce a tarihi take cikin dangin Kalbin. Sai dai mishan ɗin Basel, wanda ya sauka a Osu ta Ankara a 1828, ya haɗa Lutaran da mabiya Kalbin, saboda haka kada mutum ya ɗauka cewa kowane mai wa'azi a Presbiteriyan zai yi magana da harshen Dort. Yawancin Baptis ma suna koyar da cewa masu bi na gaske za su jimre har ƙarshe. A ɗaya ɓangaren akwai Metodis, waɗanda suka fara a Cape Coast a 1835, Thomas Birch Freeman kuma ya iso Kumasi a 1839. Akwai Assemblies of God, da ta shigo Gana ta Yendi a 1931, wadda da yawa daga cikinmu 'yan arewa a hannunta muka fara jin bishara, ita ma tana koyar da cewa ana iya barin ceto ta wurin barin bangaskiya. Cocin Apostolic ta ma sa yiwuwar faɗuwa daga alheri cikin jerin aƙidunta a rubuce. Katolika suna wannan ɓangare ta hanyarsu: babban taron shugabannin ikilisiyarsu da aka yi a garin Trent ya tabbatar a 1547 cewa babban zunubi yana raba mutum da alherin kuɓutarwa, ana kuma komo da shi ta wurin tuba da furta zunubi a gaban fada.

Idan aka ɗora su a ma'auni da gaskiya, kowace tana da inda take ɗingishi. Ta farko tana shan wuya a Ibraniyawa 6. Cewa waɗannan mutane ɗanɗanawa kawai suka yi ba su haɗiye ba amsa ce mai rauni, domin wannan wasiƙa ɗin a 2:9 ta ce Yesu ya ɗanɗana mutuwa, ba kuwa wanda zai ce lasa kawai ya yi. Amsar da ta fi ƙarfi tana Ibraniyawa 6:7-9, inda marubucin ya kwatanta ƙasa biyu da ruwan sama ɗaya ya sauka a kansu, ɗaya ta ba da amfani ɗaya ta fid da ƙaya, sa'an nan ya ce wa masu karatunsa ya tabbata nasu al'amarin ya fi haka, abubuwa ne na ceto. Akwai kuma wata matsala ta zuciya da ba a cika faɗa ba. Idan duk wanda ya watsar dama can ba na gaske ba ne, to mai raunin zuciya yana iya fara tambayar kansa ko shi ma ba na gaske ba ne, sai tabbacin da aka yi masa alkawari ya koma fargaba.

Ta biyu kuma tana ɗingishi a Romawa 8:38-39 da Filibiyawa 1:6. Idan ba wata halitta da za ta iya raba mu da ƙaunar Allah, shin son zuciyata ba halitta ba ce? Idan wanda ya fara kyakkyawan aiki a cikinmu shi zai kammala shi, ta yaya aikin zai tsaya a rabi? Tana kuma da tambayar da ba ta da amsa guda: a daidai ina ceton yake yankewa? Wasu sun ce sai an bar bangaskiya ɗungurungum, wasu sun ce zunubin ganganci da aka ƙi tuba daga gare shi ya isa. Sa'an nan Ibraniyawa 6 da suke dogara da ita tana yanka ta gefe biyu, domin ta ce ba shi yiwuwa a sake jawo waɗanda suka yi riddar zuwa ga tuba, alhali yawancin masu wannan koyarwa, har da Wesli, sun yarda wanda ya ja da baya yana iya dawowa.

A nan na daɗe da ɗan ƙanwata, domin abin da ya ji a majami'un nan biyu, da na bi diddigi, ba Kalbin ba ne ba kuma Wesli ba. Abin da ke yawo a rediyo da wa'azin cikin motocin haya na trotro da na Facebook gurɓatattun 'ya'yansu ne. Ɗaya ta ce tun da ka taɓa ɗaga hannu a taron farkawa ka maimaita addu'a, to ka yi abin da ka ga dama, ko ka daina ba da gaskiya ma, sama taka ce. Mutanen Dort da sun ji wannan da sun yi tir da ita, gama abin da suka koyar shi ne Allah yana kiyaye nasa a cikin bangaskiya da tuba, sun ma ambaci Dawuda da Bitrus a matsayin tsarkakan da suka yi mummunar faɗuwa, Allah kuma ya komo da su ta hanyar tuba mai ɗaci. Ɗayar kuma ta ce duk zunubi yana share sunanka daga littafin rai, in ka yi fushi da rana mota ta buge ka kafin ka roƙi gafara, ka tafi wuta. Wesli bai koyar da haka ba. Shi ne ma mutumin da ya dage cewa mai bi yana iya sanin an gafarta masa a yau ta wurin shaidar Ruhu a zuciyarsa. Wannan ta biyun tana da saurin kama mu da muka tashi a Zango, domin kunnenmu ya saba da tunanin lissafin lada da zunubi, sai mu shigo da ma'auni cikin bishara ba tare da mun lura ba. Ta farkon kuma tana samun shiga ta ƙofar kalmar ƙaddara, mutum ya ce in an rubuta zan tsira zan tsira, ya naɗe hannu. Duk ikilisiyar da take koyar da ɗaya daga cikin waɗannan biyun, ba na shawartar kowa ya zauna a cikinta, ko wane suna ke rubuce a allonta.

Akwai wurin da wannan magana take daina zama ta littafi a wurinmu. Mu tsiraru ne a unguwanninmu, muna zaman lafiya da maƙwabtanmu Musulmi, muna cin naman Sallarsu suna cin shinkafar Kirsimetinmu, amma kowa ya san nauyin da ke kan wanda ya karɓi bangaskiyar da ba ta gidansu ba. Na san wata 'yar'uwa da ta yi shekaru tana sujada tare da mu, sa'an nan maganar aure da riƙon 'ya'ya ta taso, ta daina zuwa, ta kuma ce wa danginta ta bari. Me za a ce game da ita? Mai koyarwa ta biyu zai ce ta kasance cikin alheri, yanzu tana cikin haɗari na gaske, a bi ta da sauri. Mai koyarwa ta farko zai ce ko dai ba ta taɓa samun sabuwar haihuwa ba, ko kuwa tana cikin daren Bitrus ne, wanda ya yi musu sau uku amma Yesu ya riga ya yi masa addu'a kada bangaskiyarsa ta ƙare, kamar yadda Luka 22:31-32 ta nuna, kuma tun da ba mu san wanne ba ne, a bi ta da sauri. Abin lura shi ne ƙafafun duka biyu ƙofa ɗaya suke nufa. Ikilisiyar Afirka ta taɓa fuskantar wannan a tsanantawar sarkin Roma Desiyus a 250, lokacin da masu bi da yawa suka miƙa hadaya ga gumaka domin su tsira da ransu. Nobatiyan a Roma ya ce a rufe musu ƙofa, Sifriyan bishop na Kartej ya ce a karɓe su bayan tuba ta gaske, ikilisiya kuma ta bi hanyar Sifriyan.

Ni dai, bayan shekarun da na yi ina karanta ayoyin nan, na fi karkata ga koyarwa ta farko a sahihiyar siffarta, ba kuma don ayoyin gargaɗi sun yi mini sauƙi ba. Abin da ya daidaita mini su shi ne labarin jirgin ruwa a Ayyukan Manzanni 27. Allah ya yi wa Bulus alkawari cewa cikin mutum 276 da ke jirgin ba wanda zai mutu. Duk da haka, da matuƙan suka so su sulale a ƙaramin kwalekwale, Bulus ya ce wa jarumin Roma da ke tsare da shi da sojojinsa in waɗannan ba su zauna a jirgin ba, ku ba za ku tsira ba. Alkawarin tabbatacce ne, gargaɗin ma gaskiya ne, kuma ta wurin gargaɗin ne alkawarin ya cika, domin sojojin sun ji suka yanke igiyoyin kwalekwalen. Haka nake karanta Ibraniyawa: gargaɗin yana cikin igiyoyin da Allah yake riƙe nasa da su, ɗan Allah na gaske yana jin sa ya razana ya komo. Dubi uwa mai goyo tana ratsa cunkoson Kejetia. Yaron yana ƙanƙame da rigarta da gaske, amma in barci ya kwashe shi hannunsa ya saki, majanyi ne yake riƙe da shi. Na san ɗan'uwana Bametodis zai ce mini mai bi ba jariri ba ne, babban mutum ne da zai iya kwance majanyin, kuma ban ɗauki wannan amsa da wasa ba. Sai dai da na duba rayuwata, lokutan da na yi sanyi har na daina addu'a, ban ga ƙarfin riƙona a cikin dawowata ba, na ga 1 Bitrus 1:5 ce, wadda ta ce ikon Allah ne yake tsare mu ta wurin bangaskiya.

Ga wanda yake tsaye inda ɗan ƙanwata yake, sunan ɗarika ba zai ishe shi ba, domin a cikin ɗarika ɗaya fastoci suna bambanta. Ya nemi faston ya zauna da shi ya tambaye shi abin da zai ce wa mai bi da ya yi zunubi jiya yana kuka yau. In amsar ita ce cetonsa ya tafi sai ya sake samun sabuwar haihuwa, wannan wuri zai cinye mai raunin zuciya. Ya kuma tambaye shi abin da zai ce wa wanda aka yi wa baftisma shekara goma da suka wuce, yanzu yana zaune cikin zina ko cin amanar masu kawo masa gyaran mota, ba ya jin komai a ransa. In amsar ita ce kada ya damu an riga an hatimce shi, wannan wuri zai lallashi mutum har bakin rami. Fasto nagari na kowane ɓangare zai nuna wa na farkon 1 Yahaya 1:9 da 2:1, cewa muna da Mai Taimako a wurin Uba, zai kuma karanta wa na biyun Ibraniyawa 10 ba tare da ya rage mata kaifi ba. Mutum kuma ya san halin kansa. Wanda tsoro yake hana wa barci yana bukatar inda ake yawan wa'azin riƙon Allah, wanda kuma ya san yana da saurin sakaci kada ya guji inda ake ja masa kunne.

Na tambayi yaron wanne ne shi a cikin biyun. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce tun da ya zo Kumasi kullum dare yana ƙirga laifofinsa na yini, yana jin kamar an share sunansa an sake rubutawa sau da yawa har takardar ta huje. Na ce masa to kada ya koma majami'a ta biyun nan, ba don ɗarikarta ba, sai don abin da mai wa'azin ya ɗora masa. Ta farkon kuma na ce sai mun je tare ranar Laraba bayan nazarin Littafi Mai Tsarki, mu yi wa faston tambaya ta biyu, mu ji abin da zai ce game da mazinacin da ba ya tuba. Kafin ranar na ba shi aiki ya karanta Yahaya 10 da Ibraniyawa 6 a zama ɗaya, kowace daga farkonta har ƙarshenta, kada ya tsallake aya ta 9 ta Ibraniyawa 6.